Na yi wa yara gwajin kyandir a aji, yanzu aikina yana rawa

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ni malama ce a wata ƙaramar makarantar kuɗi, ina da NCE, ina koyar da kimiyya a aji biyu da aji uku na firamare. Tun da na fara na lura yaran nan hadda kawai suke yi, in ka tambaye su menene abu mai rai sai su rero maka amsa da turanci kamar waƙa, amma ranar da na nuna musu darbejiyar da ke tsakar makaranta na ce wannan tana da rai? sai suka ce a'a, na ce mota fa? suka ce eh ai tana gudu. Abin ya tsaya min a rai, shi ne na fara zuwa da ƴan tarkace daga gida muna gwaji, bayanin kuma ina yi da Hausa. Wallahi Anti har waɗanda basa magana a aji suka fara ɗaga hannu.

To sai abu biyu suka haɗu min a sati ɗaya. Na kunna kyandir na kifa masa kwalba ya mutu don su gane wuta tana buƙatar iska, ashe wani yaro ya je gida ya saci ashana ya gwada a ɗakin mamansa, labule ya kama, Allah ya kiyaye uwar ta shigo da wuri ta kashe ba wanda ya ƙone. Ana cikin wannan kuma wata yarinya ta je ta ce wa babanta wai Malama ta ce ba Allah ke saukar da ruwan sama ba, tururi ne. Ni ban taɓa faɗin haka ba, yadda ruwa ke tashi ya zama gajimare kawai na nuna musu. Uban ya zo har ofis yana faɗa yana cewa zai cire ƴaƴansa uku.

Hedimasta ya ba ni kweri, ya ce daga yau ba gwaji ba Hausa, in rubuta a allo su kwafa shikenan, don iyaye turanci suke biya wa kuɗi. Maigidana kuma ya ce in ajiye aikin, albashin da rabinsa ke tafiya a kuɗin adaidaita bai kai a riƙa ci min mutunci ba. Ni ina son koyarwa, amma yanzu in na shiga aji ji nake kamar cutar yaran nake yi. In bi hedimasta in yi shiru ne, ko in bi maigida in bari?

Daga wata malama

Wa alaikumus salam Malama, ƙanwata. Kafin komai alhamdulillahi da wutar nan ta tsaya a labule, kuma sannu, don sati irin wannan ko wanda ya tsufa da alli a hannu sai ya girgiza shi. Ki share hawaye ki ji ra'ayina a taƙaice tukuna. Hanyar da kika ɗauka ta koyarwa daidai ce, amma kin yi kure a batun wuta, sannan kin kama tafiyar ke kaɗai, hedimasta bai san me kike yi ba sai da abu ya fashe, iyaye ma daga bakin ƴan shekara bakwai suka ji labari. Duka biyun ana gyara su, kuma ni ban ga dalilin ajiye aiki a wannan makon ba.

Maganar mota da darbejiya da ta dame ki, kar ki ɗauka yaranki ne daƙiƙai, haka kan ƙaramin yaro yake aiki ko a wace ƙasa. Wani masani ɗan Siwizalan mai suna Jean Piaget tun shekarun 1920 ya zauna yana yi wa yara irin tambayoyin nan, ya tarar duk abin da ke motsi suna ba shi rai, rana, gajimare, ruwan rafi, keke. Shi ne kuma ya nuna in ka juye ruwa daga faffaɗan kwano zuwa doguwar kwalba a gaban ƙaramin yaro zai rantse ruwan ya ƙaru, alhali a kan idonsa aka juye, sai wajen shekara 7 abin ke fara zaunawa. Ki gwada da ƴan aji ɗaya wata rana, zaki sha dariya. To yaron da yake a wannan matakin in aka ba shi jimla ya haddace, haddar zata zauna gefe guda, abin da ya yarda da shi a ransa kuma yana nan yadda yake, shi ya sa suka iya rera miki amsa kuma suka ce mota tana da rai a rana ɗaya. Gani ya kori ji dai, kuma ke da kanki kika gano wannan ba tare da an aiko ki wani bita ba, malamai da yawa har su yi ritaya basu taɓa tambayar yara irin tambayar da kika yi ba.

Batun wuta kuwa bazan ɓoye miki ba, akwai kasonki a ciki. Duk abin da ya burge yaro a aji ki ƙaddara kafin magariba ya gwada shi a gida, kuma a ɓoye zai yi, a ƙuryar ɗaki inda katifa da labule suke. Saboda haka ga ƴan aji ɗaya zuwa uku, abin da ba zaki so yaro ya maimaita shi kaɗai ba kar ki yi shi a gabansa. Wuta, reza, soket, tafasasshen ruwa, kalanzir, fiya-fiya, duk su fita daga jakarki. Darasin iska ma baya buƙatar ashana ko kaɗan. Ki cusa takarda a gindin kofin roba, ki kifa shi a miƙe cikin bokitin ruwa har ya nutse, ki ɗago, takardar a bushe, sai ki ce musu to waye ya hana ruwa shiga tunda kun ce ba komai a kofin? Ki sake kifawa ki ɗan karkata shi su ga iskar tana fita ɓul-ɓul. Wannan in yaro ya gwada a gida iyakaci ya jiƙa riga.

Gidan da aka yi gobarar ki je da ƙafarki, kar ki bari sai an haɗu a bakin get. Ki faɗa wa hedimasta, ki faɗa wa maigida, ki samu wata malama da ta girme ki ta raka ki. In kin je jaje kika je yi da ban haƙuri, ki ce Maman wane ni na nuna musu abin nan a aji kuma ban yi tunanin zai kai haka ba, ku yafe min. Kar ki soma cewa ai na gargaɗe su, ko da kin gargaɗe su ɗin, uwar da ta kashe wuta da hannunta ba wannan take son ji ba. In da hali ki riƙe ɗan abin da zai sai yadin labule, ƙila ma ta ƙi karɓa amma zata riƙe miki wannan. Ki kuma roƙar wa yaron, don na tabbata ya sha duka ya kuma sha tsoro. Ki ja shi gefe a makaranta ki ce masa son gwaji abu ne mai kyau, laifinsa biyu ne, ɗaukar ashana da ɓoyewa. Irin yaran nan su ne sau da yawa ke zama masu gyaran waya da injiniyoyi, kar ranar nan ta sa ya tsani kimiyya.

Shi kuma baban yarinyar kar ki ɗauke shi maƙiyi. Mutum ne ya dawo gida ƴarsa ta tare shi da maganar da ta taɓa imaninta, in da shiru ya yi ma da na fi jin tsoronsa. Kuskurensa shi ne bai tambaye ki ba ya hau faɗa. Yarinyar ma ba ƙarya ta yi miki da gangan ba, a wurin yaro kowace tambaya amsarta ɗaya ce, a gida an ce Allah, a aji an ce tururi, sai ta ɗauka ɗaya ya kori ɗaya. Aikinki ki nuna mata ba sa karo. Kowane yaro ya san Allah ke ciyar da shi, ya kuma san mamarsa ce ta tuƙa tuwon, bai taɓa ganin rikici a nan ba, to ruwan sama ma haka ne. Daga yanzu ki riƙa buɗe darasin da cewa Allah ne ke saukar da ruwa, yau zamu duba hanyar da Ya tsara abin yake bi, kuma in akwai ƴaƴan Kirista a ajin jimlar nan ta yi musu su ma.

Ni ba malamar addini bace, amma duk wanda ya yi Islamiyya ya san aya ta 48 a Suratur Rum ta ambaci iskoki da ake aikowa su tayar da girgije har a ga ruwa yana fita daga tsakaninsa, wajen ƙarshen Suratul Gashiya kuma ana tambayar mutane ko basa duban raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa. Amma ba ke zaki karanta wa uban ayoyin ba, zai ji kamar kina masa wa'azi a gaban mutane. Ki roƙi malamin Arabiyya ko na addini na makarantarku ya zauna a wurin, hedimasta ya kira uban, ke ki faɗi ainihin abin da kika koyar cikin jimla biyu uku ki yi shiru, malamin ya ƙarasa. In hira ta yi daɗi ana iya tuna masa cewa Ibnul Haisam, masanin kimiyya musulmi wanda aka haifa a Basra ya yi aikinsa a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, da gwaji a ɗaki mai duhu ya nuna haske a miƙe yake tafiya kuma shi ke shiga ido, har yau masana na girmama shi a kan haka.

Yanzu hedimasta, wanda shi ne babban aikin. Na san a yanzu kallon wanda bai damu da yara ba kike masa, amma ki duba inda yake tsaye. Makarantar kuɗi da kuɗin zango take numfashi, mutum ɗaya ya kwashe yara uku ba ƙaramin giɓi bane, kuma shi ma akwai mai makaranta a samansa da zai titsiye shi. Iyaye da yawa basu da ma'aunin karatu sai biyu, su buɗe littafi su ga rubutu dam, su ji yaro yana ɗan ɓarin turanci a tsakar gida. Jarabawar shiga sakandare kuma da turanci ake rubuta ta, nan kam yana da gaskiya. Inda bai da ita shi ne tunanin cewa kwafar allo ita ke kawo turancin.

Kar ki je masa da hujjar doka, don ƙasar ma ta kasa tsayawa wuri ɗaya a kan maganar. Tun manufar ilimi ta 1977 aka rubuta a fara koyar da ƴan ƙananan azuzuwa da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, a 2022 zamanin minista Adamu Adamu aka ce a kai har shekara 6 na firamare, sai kuma a ƙarshen 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da a koma turanci. Kinga in kika ɗauko takarda shi ma zai ɗauko tasa. Abin da aka gwada aka gani ya fi ƙarfi. A Ile-Ife daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun sa aka koyar da wasu yara duk darussan firamare da Yarabanci har da lissafi da kimiyya, turanci aka ware shi darasi mai zaman kansa, da aka gwada su da waɗanda aka juya musu zuwa turanci a tsakiyar firamare basu gaza ba, ko a turancin ma. Wannan ki riƙe shi don ranki ya natsu, sai in shi ya buɗe ƙofar hira ki faɗa.

Kwerin ki amsa shi a rubuce, gajere, cikin ladabi. Ki amsa laifin wuta kai tsaye, ki ce ba za a sake ba, ki bayyana abin da kika faɗa game da ruwan sama, ki tsaya nan, kar ki sa gardama a takardar da zata zauna a fayil ɗinki. Ki bi umarninsa na sati ɗaya ko biyu ƙura ta lafa. Daga nan ki same shi lokacin da ba kowa a ofis, ba a gaban malamai ba, ki ce Yallaɓai na zo neman shawara ne. Ki nuna masa tsarin darussan zangon, ki nuna cewa duk abin da kike son yi yana cikin manhajar da NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa, ta fitar, abu mai rai da marar rai, ruwa, iska, ƙasa, gaɓoɓin ji da gani, ba wani abu kika ƙirƙiro ba. Sai ki roƙi abu kaɗan, aji guda cikin azuzuwanki, gwaji ɗaya a sati, ki kawo masa a rubuce ya sa hannu kafin ki yi, har ƙarshen zango, sannan ya gwada sakamakon ajin da na zangon baya. Mutum in shi ya sa hannu a abu, ranar da wani uba ya zo da ƙorafi shi zai tsaya ya kare shi.

Ki kuma ba shi abin da yake so, don bai yi karo da naki ba. A darasin minti 35 ko 40, minti 10 na farko a yi abin da hannu, a yi hirarsa da Hausa har ki tabbatar ya shiga, sannan ki ɗago kayan ɗaya bayan ɗaya ki ba su sunan turancin, kalma huɗu ko biyar ba ashirin ba, su faɗa suna taɓawa. Ƙarshe kowa ya zana abin da ya gani a littafinsa ya rubuta sunayen da turanci, da jimla biyu gajeru da kuka haɗa tare a allo. Littafi ya cika, uba ya buɗe ya ga turanci, yaro kuma in an tambaye shi ya san me ya rubuta. A hankali kina rage Hausar kina ƙara turancin yayin da zango ke tafiya.

Bari in dawo kan darbejiyarki, don ita ce ta fara tayar da maganar. Da safe ki ɗaure farar leda a reshe mai ganye sosai inda rana ke bugawa, wata ledar kuma ki ɗaure a busasshen icce, lokacin tashi ku je ku duba. Ta jikin ganye zata yi gumi har ruwa ya taru a ƙasanta, ɗayar ba komai. Ki bar su su yi ta musu a kan inda ruwan ya fito. Sai ki bi da wake. Ki yanka robobin ruwa uku, da kanki a gida ba a aji ba, ki zuba ƙasa ki shuka wake a kowanne, ɗaya a taga ana ba shi ruwa, ɗaya a taga ba ruwa, ɗaya a cikin kabad ana ba shi ruwa amma ba haske. Kafin komai ki tambaye su me kuke tsammani zai faru, a ƙirga hannuwa a rubuta a gefen allo. Kusan duka zasu ce na kabad ba zai fito ba, manya ma haka suke cewa. To zai fito, cikin kwana 3 zuwa 5, har ma ya fi na taga tsawo, amma siriri, fari-fari ko rawaya, yana langaɓewa, don da abincin da ke cikin ƙwayar ya tashi kuma yana miƙewa neman haske, in ya cinye guzurin bai samu rana ba sai ya mutu. Su riƙa auna tsiron da tsinken tsintsiya kullum suna karya tsinken daidai tsawonsa, a liƙa a kwali a jere. Bayan sati biyu ki aje dutse da motar wasa kusa da tsiron ki ce su ma mun ba su ruwa, sun ƙaru? A nan maganar mota zata warware da kanta.

Darasin ruwan sama da ya jawo miki magana shi ma akwai hanyarsa ba tukunya ba wuta. Ki zuba ruwa kaɗan a siminti, yaro ya zagaye shi da alli, bayan ɗan lokaci a sake zagayewa, da'irar tana ta ƙanƙancewa, ina ruwan ya tafi? Sannan ki zo da zobo mai sanyi ƙarara a gorar roba ki aje a tebur. In ta fara gumi zasu ce yoyo take yi, sai ki ba ɗaya farin tsumma ya goge, in yoyo ne ai ja zai fito, amma ga shi fari tas. Ruwan daga iskar ɗakin ya zo, ya haɗu da sanyi ya koma ɗigo, abin da ke faruwa ke nan a sama inda ake da sanyi. Ki lura da damina wannan ya fi yin kyau, da hunturu iska a bushe take gumin kaɗan ne. Hunturun kuma shi ne lokacin goga biro a gashi ko a hula ya ɗauki ƴan gutsattsarin takarda, da damina sai ya ƙi ya ba ki kunya a gaban yara.

Sauran ma duk a unguwa suke. Mayen ƙarfe daga tsohuwar sifikar rediyo wajen mai gyara, a ja shi cikin yashi a ga abin da zai kwaso. Ragowar zobon a raba kofi biyu, a matsa lemon tsami a ɗaya ya ƙara ja, a sa jiƙon kanwa a ɗaya ya yi duhu ya juya launi, da sharaɗin ba a ɗanɗana komai a ajin kimiyya. Sanda a kafa a fili a riƙa sa dutse a ƙarshen inuwarta lokacin asambuli da lokacin tara da lokacin tashi, su ga ta gajarce ta kuma juya, irin lissafin da malamanmu ke yi na zawali da shigar la'asar tun kafin agogo ya yawaita, sai dai ki ja musu kunne ba a kallon ƙwayar rana. Ranar da zaki yi maganar me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, ki ba su labarin Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa ɗan gidan magina tukwane, wanda ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ruwan yana ƙafewa yana tafiya da zafi, kayan miya suka riƙa daɗewa ba firji ba wutar lantarki, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Yara su ji cewa mai irin sunansu da yarensu ya yi.

Abu ɗaya da zan ƙara, ki sa ido kan ƴan matan. Da an fito da kaya maza ke wawashewa su bar mata da kallo, ki raba su rukuni-rukuni ki riƙa cewa yau wance ce mai zuba ruwa. Kuma in yaro ya yi miki tambayar da baki da amsa, ki ce ku bari mu gwada ko in bincika gobe, wannan baya rage ki da komai.

Iyaye kuma maimakon su riƙa jin guntun labari, ki mayar da su malamai. Aikin gida ya zama tambaya, ka tambayi babanka wace ƙasa gero ke so wace ce shinkafa ke so, jigawa ko fadama, ki tambayi mamarki me ya sa take jefa kanwa a tukunyar wake. Uban da ɗansa ya zo ya tambaye shi abin da ya sani, washegari aka faɗi amsarsa a aji, da wuya ya zo ofis da faɗa. In makarantar tana da guruf na iyaye a WhatsApp ki roƙi hedimasta shi ya riƙa tura hoton tsiron waken da layi ɗaya na abin da aka koya a satin, talla ce ma ga makarantarsa kyauta.

Sai maigida, Allah ya saka masa, kishin mutuncinki ne ya sa shi magana kuma lissafinsa na kuɗin adaidaita ba ƙarya bane. Ki lura kuma ke ce kike dawo masa da kuka, bai taɓa ganin ranar da yaron da baya magana ya ɗaga hannu ba, to ki riƙa ba shi wannan labarin ma. Kar ki yi masa gardama, ki nemi alfarma da wa'adi, ki ce ya bari ki ƙarasa shekarar karatun nan, in abubuwa basu canja ba ku sake zama. Fita yanzu da kweri a fayil da maganar gobara a bakin mutane zai bi ki duk makarantar da kika je a garin, fita bayan kin gyara kuwa da takardar yabo zaki tafi.

In wa'adin ya cika hedimasta ya kafe ba gwaji ko na wake, ko cin mutuncin ya ci gaba, to ki tafi ba tare da jin kin gaza ba. Kafin nan ki tabbatar rajistarki ta TRCN, hukumar rajistar malamai, tana hannu, ki sa kunne ga ɗaukar malamai na SUBEB, hukumar ilimin matakin farko, a jiharku, da sanin cewa ajin gwamnati yakan ninka naki yawa, ki kuma duba digiri a jami'ar NOUN tunda ana yi daga gida. Ki nemi wata malamar gwamnati da ta taɓa zuwa bitar SMASE, shirin da aka fara da tallafin Japan a jihohin Kaduna da Neja da Filato a 2006 don koyar da lissafi da kimiyya da kayan da ke kusa, ki ari takardunta ki yi hoto. Ko lesin ɗin yamma a zauren gida da yaran maƙwabta biyar shida, in maigida ya amince, zai iya kawo abin da ya kusa albashin kuma ba kuɗin mota. Amma wannan duk na gaba ne. Na wannan satin amsar kweri ce da zuwa gidan da aka yi gobarar, ki rubuto min yadda kuka yi da hedimasta in kun zauna. Allah ya dafa miki.